Amsa a Tsintsiyar Hannu: Tarken Gajeren Saƙo a Agogon Zamani

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba ɗora ma'aunin tarke a kan waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari. Ba kasafai ake kai shi kan ƙananan maganganun yau da kullum ba, irin su wasiƙa da sallahu da saƙon baka, alhali kuwa a cikinsu ne harshe yake yin rayuwarsa ta kowace rana, a nan ne kuma sauyi yake fara kama shi tun kafin ya isa littafi. Wannan maƙala ta ɗauki mafi ƙanƙanta daga cikin irin waɗannan maganganu, wato saƙon da ake karɓa a kuma amsa shi a fuskar agogon hannu na zamani, wanda ake haɗawa da wayar salula. Za a dubi asalinsa da zubinsa da yadda yake sarrafa harshe, sa'an nan a auna shi da ma'aunin amsa irin na Bahaushe.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, wannan agogo gwani ne wajen isar da saƙo, amma rauninsa yana wajen mayar da amsa. Raunin kuwa ba gajarta ce ta haife shi ba, kamar yadda ake yawan zato. Ya samo asali ne daga cewa amsoshin da aka tanada a cikinsa ba su san wanda ake yi wa magana ba.

2.0 Asalin Gajeren Saƙo

Agogon ya gaji saƙonsa ne daga wayar salula. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ake tsara ƙa'idojin sadarwar GSM a Turai, wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, ya ba da shawarar cewa haruffa 160 sun isa su ɗauki akasarin abin da mutum zai so ya aika a taƙaice. A kan wannan adadi aka tsaya. An aika saƙo na farko ranar 3 ga Disamba, 1992 a Ingila, daga kwamfutar Neil Papworth zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. Abin lura shi ne, wannan saƙo na farko gaisuwar Kirsimeti ce, ba labari ba ne, ba kuma umarni ba. A Nijeriya sai a 2001 aka fara amfani da GSM, kuma cikin 'yan shekaru gajeren saƙo ya ƙwace aikin da wasiƙa da tangaraho suka daɗe suna yi.

Agogon da yake nuna saƙo ya yaɗu ne bayan haka da fiye da shekara goma. A 2012 kamfanin Pebble ya tara fiye da dala miliyan 10 daga hannun jama'a ta dandalin Kickstarter domin ƙera nasa, ya fitar da shi kasuwa a 2013. Google ya fito da manhajar Android Wear a 2014, wadda aka sake wa suna Wear OS a 2018, shi kuwa Apple Watch ya shiga kasuwa a watan Afrilu na 2015. Akwatin Apple Watch na farko milimita 38 ne ko 42. Wannan ƙaramin fili shi ne shafin da aka ba marubuci, kuma duk wani abu da za a faɗa game da salon saƙon agogo daga nan ya faro.

3.0 Zubi da Tsari

Akasari saƙo yakan fara sauka ne a waya, sa'an nan wayar ta miƙa shi ga agogo ta hanyar Bluetooth. Daga 2017 Apple ya fara fitar da agogon da yake iya kama layin salula da kansa ko da wayar ba ta kusa. Idan saƙo ya iso, agogon yakan ɗan girgiza a fatar hannu, mai shi ya ɗaga tsintsiya, sunan mai aikowa da layukan farko su bayyana. Da yawa daga cikin agogunan masu araha a nan aikinsu yake tsayawa, suna nuna saƙo amma ba su da hanyar amsawa.

Waɗanda suke amsawa kuwa suna da hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce shiryayyar amsa, wato jerin gajerun jimloli da aka riga aka rubuta, mutum ya taɓa ɗaya ta tafi. Ta biyu ita ce shifta, mutum ya yi magana na'urar ta mayar da ita rubutu, ko ta aika muryar yadda take. Ta uku ita ce rubutu da yatsa, ko dai a zana haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Apple ya shigo da shi a 2016, ko a danna ɗan ƙaramin allon haruffa, wanda ya zo da Apple Watch na bakwai a 2021. Ta huɗu ita ce alamar hoto, irin su babban yatsa a ɗage ko fuska mai murmushi. Cikin huɗun nan, ta farko ce ta fi sauƙi, ita ce kuma agogon yake ajiye wa mutum kusa da yatsa. Saboda haka ita ta fi cancantar a feɗe.

4.0 Shiryayyar Amsa a Ma'aunin Hausa

Jerin da yake zuwa da agogo yakan ƙunshi abubuwan da za a iya fassarawa da “to”, “i”, “a'a”, “na gode”, “ina hanya”, “ba zan iya magana yanzu ba” da makamantansu. Wasu manhajoji ba su tsaya ga jeri tsayayye ba, sukan karanta saƙon da ya shigo su kawo amsoshi biyu ko uku da suke ganin sun dace. Google ya fara wannan a manhajar wasiƙunsa ta Inbox a 2015, bayan ya horar da na'ura da tarin wasiƙun Ingilishi domin ta koyi amsar da aka fi mayarwa ga kowane irin zance.

4.1 Zargin da Bai Tsaya Ba

Zargin da aka fi yi wa irin wannan amsa shi ne, wai tun da ba mai aikawa ne ya ƙirƙire ta ba, babu gaskiya a cikinta. Wannan zargi ba zai tsaya a gaban mai nazarin Hausa ba. Gaisuwar Bahaushe gaba ɗayanta shiryayya ce. Wanda aka ce wa “ina kwana” ba ya ƙirƙirar komai, “lafiya lau” zai ce ko da bai runtsa ba. “Ina gajiya” tana da “ba gajiya”, “ina aiki” tana da “aiki da godiya”, “ina labari” tana da “sai alheri”. Ba a taɓa jin wanda ya kira wannan ƙarya ba. Tun a 1923 Bronislaw Malinowski ya nuna cewa akwai maganar da aikinta ba isar da labari ba ne, ƙulla zumunci ne tsakanin masu yin ta, kuma Roman Jakobson ya lissafa wannan cikin ayyuka shida na harshe a 1960.

Haka nan ba za a ce Hausa ba ta iya gajarta ba. “Madalla”, “amin”, “ga ni nan”, “Allah ya kai mu”, “sai na zo”, “na ji na gode”, duk ba su wuce kalma huɗu ba, kuma kowacce cikakkiyar amsa ce. Ashe ke nan laifin ba a shiri yake ba, ba kuma a gajarta ba. Dole a neme shi a wani wuri.

4.2 Wakilin Suna da Matsayi

Ingilishi yana da wakilin suna guda ɗaya tak ga wanda ake yi wa magana, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko jama'a, yaro ne ko dattijo. Jerin amsoshin agogo a kan wannan harshe aka gina shi, shi ya sa jimla ɗaya take isar kowa. Hausa ba ta yarda da haka ba. Mai cewa zai kira daga baya tilas ya zaɓa tsakanin “zan kira ka” da “zan kira ki” da “zan kira ku”, kuma na ukun ba na jam'i kaɗai ba ne, da shi ake girmama uba da suruki da malami. Duk jimlar da take ɗauke da mutum na biyu sai ta rabu uku. Mai fassara jerin yakan guje wa wannan ta hanyar cire wakilin sunan, ya bar “zan kira”. Jimlar ta yi daidai a nahawu, amma ta zama magana marar fuskantar kowa, kamar sanarwar da aka manna a bango.

Bayan wakilin suna akwai kiran girmamawa. Ɗa ba ya amsa wa mahaifinsa da “to” tsirara, sai ya ce “to, Baba”. Ɗalibi yakan ce “to, Malam” ko “Allah ya gafarta Malam”, talaka ya ce wa basarake “ranka ya daɗe”, ƙanwa ta ce “to, Yaya”. Kalmar da aka ƙara ba ta ƙara labari ko kaɗan, amma ita ce take nuna cewa mai amsawa ya san gaban wanda yake tsaye. A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa ladabi da kunya da mutunci cikin halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su. A cikin irin waɗannan 'yan kalmomi ne halayen uku suke bayyana a zance, su ne kuwa jerin agogo ya fara zubarwa.

Abin ya fi muni wajen ƙin amincewa. “A'a” ita kaɗai, da “ba zan iya magana yanzu ba”, amsoshi ne da sa'a zai iya mayar wa sa'ansa. Idan na gaba ne ya yi kira ko ya aiko, Bahaushe yakan naɗe ƙin a cikin uzuri da alkawari: “A yi mini afuwa, Baba, muna cikin taro, da an tashi zan kira ku.” Duka jimlolin biyu abu ɗaya suke sanarwa, amma ta farko rufe ƙofa ce, ta biyu neman izini.

4.3 Nauyin Amsa

Akwai wata ƙa'ida da take ƙarƙashin gaisuwar Hausa, wadda addinin Musulunci ya ƙarfafa, domin aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko daidai da ita. Ma'ana, amsa ba ta gaza abin da aka aiko ba. Wanda ya yi sallama cikakkiya ba a amsa masa da rabi. Wanda ya tambayi gida da iyali, shi ma sai an tambayi nasa. Gaisuwa musaya ce, kowane ɓangare yana biyan wani abu, abin da ake biya kuwa lokaci ne.

A nan ne zubin agogo ya yi karo da al'ada kai tsaye. An ƙera shi ne domin amsa ta fi saƙo arha. Alal misali, a ɗauka wani ya zauna ya rubuta sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya sanar da ɗaurin auren 'yarsa, ya faɗi rana da wuri, ya rufe da addu'a. Agogon zai kawo wa mai karɓa “to” da “na gode” da babban yatsa. Ko wacce ya taɓa, labari ya isa cewa saƙo ya samu, amma bashin gaisuwa yana nan ba a biya ba, ba a kuma yi “Allah ya sanya alheri” ba. Idan kuwa saƙon na rasuwa ne, babu ko ɗaya a jerin da ba zai zama abin kunya ba, domin abin da ake jira shi ne “Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri”, bayansa kuma a ga ƙafar mutum, tun da zumunta a ƙafa take.

Na'urar da take hasashen amsa ba ta warware wannan ba. Aikinta shi ne ta kawo amsar da mafi yawan mutane suka mayar ga zance mai kama da wannan. Amsar da ta dace da mafi yawan mutane kuwa ita ce wadda aka cire mata duk wata alama ta wani mutum takamaimai. Gaisuwar Hausa shiryayya ce, amma mai yin ta yana zaɓe daga cikin shiryayyun ne gwargwadon lokaci da wuri da matsayi da abin da ya faru. Zaɓen shi ne fasahar, shi ne kuma na'urar take karɓewa daga hannunsa.

5.0 Matsalar Rubutu

Ko da mutum ya ƙi jerin ya ce zai rubuta da kansa, akwai wata matsala tsohuwa da take jiransa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, ba sa cikin haruffan asali na GSM. Saƙo guda yana da mazubi mai girman bayit 140. Da haruffan asali mazubin yana ɗaukar 160, amma da zarar an sa harafi ɗaya daga wajensu, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ba ya ɗaukar fiye da 70. Wato mai rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai watsi da lanƙwasa ya biya na ɗaya, ga shi kuma wayoyin farko ba su ma da maɓallan waɗannan haruffa. Manhajoji irin su WhatsApp, wadda ta fito a 2009, sun kau da wannan iyaka, amma sabon da aka yi bai kau ba. Fuskar agogo, inda yatsa ɗaya yake rufe haruffa uku, ƙara masa gindin zama ta yi.

A dogon rubutu, abin da ya gabata da abin da ya biyo baya sukan fayyace ma'ana. A saƙo mai kalma biyu babu gaba babu baya. “Suna fada” na iya nufin mutanen suna fadar sarki, yana kuma iya zama “suna faɗa” da aka cire wa lanƙwasa. “Baki” na iya zama baki, ko baƙi masu zuwa, ko baƙin launi. Bugu da ƙari, daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu. “Ya zo” mai dogon wasali labari ne cewa mutum ya iso, mai gajeren wasali da karin sauti na ƙasa kuwa umarni ne cewa a bar shi ya zo. Haka “ta tafi”. Ita kanta “to” a baki tana da fuskoki da dama, akwai ta yarda, da ta dole, da ta mamaki, da ta rufe zance. A fuskar agogo duk sun zama haruffa biyu, sai mai karɓa ya sa musu muryar da zuciyarsa ta raya masa.

Shifta ce ya kamata ta zama mafita, amma a shekarun farko na waɗannan agoguna babu Hausa cikin harsunan da suke ji. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, sai a 2024 ya sanar da shigar da ita cikin harsunan da ake iya yi wa shifta a allon haruffansa na Gboard. Hanyar da ta fi dacewa da harshen ita ce aika murya yadda take, wadda WhatsApp ya kawo wa agogunan Wear OS a 2023. Murya tana riƙe da karin sauti da lanƙwasa da kiran girmamawa baki ɗaya, ba abin mamaki ba ne da Hausawa suka rungumi saƙon murya a waya. Sai dai mai magana da tsintsiyar hannunsa a cikin jama'a ya rasa sirrin da ya sa ya sayi agogon.

6.0 Duban Agogo a Cikin Mutane

Akwai wani ɓangare na salo wanda ba a rubuce yake ba. Tun kafin agogo ya san saƙo, duban agogo a gaban baƙo magana ce, ma'anarta kuwa an gaji, lokaci ya yi. Masu ƙera agogon zamani sun tallata shi a matsayin hanyar da ta fi ladabi a kan zaro waya daga aljihu. Amma wanda yake zaune a gabanka bai ji girgizar ba, ɗaga hannu kaɗai ya gani. A zauren gaisuwa ko zaman makoki ko gaban malami, inda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan ɗan motsi yana iya ɓata abin da doguwar gaisuwa ta gina. Mutum ya amsa wa na nesa da kalma ɗaya, ya kuma sallami na kusa ba da niyya ba.

Har ila yau, suna da farkon saƙo suna bayyana a wurin da na kusa zai iya gani. A al'adar da mace take alkunyar sunan mijinta, iyaye suke alkunyar sunan ɗan fari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai saitin da yake ɓoye saƙo sai an taɓa fuskar agogon, kuma ya fi dacewa da zaman Bahaushe.

7.0 Inda Agogon Ya Yi Kyau

Adalcin tarke shi ne a faɗi inda abu ya cika. Akwai saƙonnin da jigonsu labari ne zalla, kuma tsakanin sa'o'i ko abokan aiki suke gudana: an iso tasha, an ɗage lacca, kaya sun sauka. A nan “to” da “ina tafe” sun wadatar, doguwar gaisuwa ma takura ce. Likita a ɗakin majiyyata, da malami a aji, da mai aikin da hannuwansa biyu suke riƙe da kaya, duk suna amfana da sanin ko saƙon da ya shigo na gaggawa ne ko mai iya jira. A wannan fuska agogon ya yi kama da yaron da yake tsaye a ƙofar zaure yana sanar da maigida wanda ya yi sallama. Aikinsa ya sanar ne, fita a gaisa kuwa na maigida ne.

Sa'an nan jerin amsoshin ba a kulle yake ba. A Apple Watch, alal misali, ana iya goge na asali a rubuta wasu ta manhajar da take cikin waya. Bahaushe zai iya zuba nasa, da lanƙwasarsu daidai: “Wa alaikumus salam, na ga saƙo, zan kira ku in sha Allahu”, “Amin, na gode ƙwarai”, “Allah ya sanya alheri”, “A yi mini uzuri, ina tafe”. Mafi amfani a cikinsu ita ce wadda ba ta ɗauki kanta cikakkiyar amsa ba, wadda take cewa saƙo ya iso kuma amsa tana biye. Da ita mutum ya amsa sallama, ya kuma amince cewa akwai bashi a kansa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa saƙon agogo ya gaji gajarta daga wayar salula, ya gaji rashin bambance mutum na biyu daga Ingilishi, ya kuma gaji watsi da lanƙwasa daga tsarin haruffan GSM. Cikin ukun nan, gajarta ce kaɗai Hausa take iya ɗauka ba tare da asara ba. Sauran biyun suna taɓa ma'ana da ladabi. Aikin da yake gaban sassan koyar da Hausa da masu fassara manhajoji shi ne su daina juya jerin Ingilishi kalma da kalma, su tsara na Hausa daga tushe, wanda ya raba ka da ki da ku, ya tanadi amsar sallama da ta addu'a da ta ta'aziyya, ya kuma sa haruffa masu lanƙwasa kusa da yatsa. Malaman makaranta da suke koyar da rubutun wasiƙa su ma ya kamata su shigar da gajeren saƙo cikin darasi, domin ɗalibi ya san wanda za a amsa wa daga tsintsiyar hannu, da wanda sai an zauna an rubuta masa, da wanda sai an taka an je.